Kula da Wutar Tsohuwar Akori-Kura

Malam manomi, idan shinkafarka ta taru a fadamar Gulma, akori-kura kuwa ta ƙi tashi zuwa kasuwar Argungu, kada ka yi garajen sayen sabon batir. Tsofaffin Peugeot 404 da 504 wutarsu bolt 12 ce kacal, 'yar tsatsa ma tana iya tare ta.

Fara duba kan batir. In farin gari ya taru, kwance waya mai alamar ragewa tukuna, sa'an nan ɗayar. Wanke da ruwan kanwa, amma kada ya shiga cikin batir. Ka kankare, ka ɗaure tam, ka shafa giris. Bi wayar da aka ɗaure a jikin mota; sau da yawa nan ɓarnar take, an kuwa fi mantawa da ita.

Zafin bazara yana ƙafar da ruwan batir. Duba shi kowane mako, ka ƙara tataccen ruwa na batir. Ban da ruwan rijiya!

Fanbel in ya saki, caji ba ya shiga. Fiyus in ya ƙone, sa irinsa. Ƙulla waya a gurbinsa yana iya ƙone motar.