YADDA AKE AUNA AIKIN ABIN DA IDO BA YA GANI

Duk wanda ya taɓa tauna gurasa ya daɗe bai haɗiye ba ya san daga baya takan soma zaƙi a baki. Dalili kuwa akwai wani abu a cikin miyau mai narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Irin waɗannan abubuwa masu gaggauta aiki a jikin mai rai su ake kira enzayim. Ba a ganinsu da ido, ko da madubin ɗakin kimiyyarmu. To, yaya za a san ƙarfin abin da ba a gani? Idan aka sa ɗan ƙodago a gona aka tafi kasuwa, ba sai an tsaya a kansa ba. Da la'asar a zo a ƙidaya kunyoyin da ya nome, a raba da awoyin da ya yi. Haka masana ke yi wa enzayim, kuma ina so in nuna muku yadda suke yi wa wani guda mai suna sirtuwin a cikin tsiro.

Da fari sai mu san gidansa. A cikin ƙwayoyin halittar ganye da saiwa akwai waɗansu 'yan buhuna da ake kira maitokondiriya. Ganye yana haɗa sukari da hasken rana, amma a cikin waɗannan buhunan ake ƙona abincin a sami ƙarfi, a zuba shi cikin wani sinadari mai suna ATP. Da yawa daga cikinmu muna zaton dabba kaɗai ke numfashi. Tsiro ma yana yi, dare da rana.

Masu wannan aiki a cikin buhun duk furotin ne, kuma ƙwayar halitta tana da dabarun juya su. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce ta ɗora wa furotin wata 'yar hula mai suna asetil a kan wata gaɓa tasa da ake kira laisin. Hular takan sake halin furotin ɗin. Aikin sirtuwin shi ne tuɓe wannan hula. An fara gano danginsa a cikin yis, irin wanda ke kumbura burodi, aka sa masa suna Sir2. A shekarar 2000 Shin-ichiro Imai da Leonard Guarente na jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa ba ya tuɓe hula sai an ba shi wani sinadari mai suna NAD. Kowace hula ya tuɓe kuma sai ya cinye NAD ɗaya. Ku riƙe wannan, domin a kansa awon ya dogara. Mutum yana da sirtuwin iri bakwai, uku daga ciki a maitokondiriya suke. Wani ɗan haki dangin kabeji mai suna Arabidopsis, wanda masana suka fi gwaji da shi, iri biyu gare shi: SRT1 a cibiyar ƙwayar halitta, SRT2 kuma a maitokondiriya. Shinkafa ma biyu gare ta.

Wahalar farko ita ce fitar da buhunan ba tare da sun lalace ba. Ana niƙa tsiron cikin ruwa mai sanyi, wajen digiri 4, wanda aka zuba wa sukari domin kada buhunan su sha ruwa su fashe. A tace da ƙyalle, sa'an nan a sa cikin injin majaujawa. Juyin farko a hankali ake yi, dusa da manyan tarkace su kwanta a zubar. Juyi na biyu mai ƙarfi ne, shi ke kwantar da maitokondiriya. Amma idan ganye aka niƙa sukan kwanta tare da gutsattsarin korayen buhunan da ke kama hasken rana, sai an sake juya su cikin wani ruwa mai kauri da ake kira Percoll, kowane ya tsaya a inda nauyinsa ya kai shi, kamar yadda tsaba ke rabuwa da ƙaiƙayi wajen sheƙa. Bayan haka a fasa su da ɗan ruwan sabulu na musamman, domin fatarsu ta ciki ba ta barin kome ya wuce haka kawai.

Yanzu ga dabarar da ta fi ba ni sha'awa. Ana ƙera wani ɗan guntun furotin mai laisin sanye da hularsa, a liƙa masa wani rini a wutsiya. Muddin rinin yana liƙe, ba ya haske sosai. A zuba wannan guntu cikin 'yar kwalba tare da ruwan maitokondiriya da NAD, a bar su kamar rabin awa. Sa'an nan a tsai da aikin, a zuba wani enzayim na biyu mai suna tirifsin, wanda asalinsa na narkar da nama ne a cikin hanji. Tirifsin yana yanka furotin daidai bayan laisin, amma idan laisin yana da hula ba ya iya yankawa. Watau guntun da sirtuwin ya tuɓe wa hula shi kaɗai zai yanku, rininsa ya kuɓuce. Rinin da ya kuɓuce, in aka haska shi da hasken da ya zarce ganin ido, sai ya ba da shuɗin haske, inji ya auna. Yawan haske, yawan hulunan da aka tuɓe. Ga kunyoyin ɗan ƙodago ke nan.

Sai dai wa ya ce shi kaɗai ya yi noman? A cikin ruwan da aka niƙa akwai waɗansu enzayim masu tuɓe hula ba tare da NAD ba, akwai kuma masu yanka guntun da kansu. Saboda haka ba a yin kwalba ɗaya. Ana yin wadda ba a sa mata NAD ba, da wadda aka zuba wa nikotinamaid, wani nau'in bitamin B3 mai hana sirtuwin motsi. Ana kuma zuba wa dukansu wani magani mai suna tirikostatin, wanda ke kwantar da sauran masu tuɓe hula amma ba ya taɓa sirtuwin. Bari mu yi lissafi da lambobin da na ƙaga don misali. A ce kwalba mai NAD ta ba da haske 900, marar NAD ta ba da 300. Rabon sirtuwin 600 ne. In minti 30 aka yi, ya yi 20 ke nan a kowane minti. Daga nan a raba da nauyin furotin da aka zuba, wanda ake aunawa da shuɗin rini bisa hanyar da Marion Bradford ya fitar a 1976. In ba a yi wannan rabon ba, wanda ya cika cokali zai ce tsironsa ya fi ƙarfi.

Kada ku zaci wannan taka-tsantsan fi'ili ne. A 2003 David Sinclair na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka ba da labarin cewa wani sinadari mai suna resberatorol, wanda ke cikin ɓawon inabi, har gyaɗarmu ma tana da kaɗan, yana ƙara wa sirtuwin na mutum ƙarfi. Da irin wannan awo mai rini suka gano shi. Da yake an riga an ga Sir2 yana tsawaita ran yis, sai duniya ta ɗauka an kusa samun maganin tsufa. A 2005 waɗansu masana suka sake gwajin da guntun furotin marar rini, ƙarin ƙarfin ya ɓace. Ashe rinin da aka liƙa don awo yana da hannu a cikin abin da aka auna. Duk da haka a 2008 kamfanin GlaxoSmithKline ya sayi kamfanin Sirtris, mai neman magani ta wannan hanya, a kan dala miliyan 720, kuma a 2013 ya rufe ofishinsa. A wannan shekara ta 2013 su Sinclair suka nuna cewa akwai furotin na ainihi masu wata gaɓa da ke yin abin da rinin ya yi. A ganina kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, amma shekara goma aka yi ana gardama a kan ɗan rini.

Shi ya sa mai auna sirtuwin na tsiro ba ya tsayawa a kan haske kaɗai. Yakan auna nauyin guntun furotin da injin da ke iya gane ko hular tana nan ko ta tafi, ya kuma nemi tsiron da aka lalata wa ƙwayar gadon SRT2 ya gwada su gefe da gefe. Irin wannan gwaji Ann-Christine König da Iris Finkemeier da abokan aikinsu suka yi a Jamus, suka bayyana shi a 2014. Sun sami SRT2 a jikin fatar ciki ta maitokondiriya, tare da furotin mai ƙera ATP da kuma mai tsaron ƙofa wanda ke shigo da ADP ya fitar da ATP. Tsiron da ba shi da SRT2 ya girma sumul kamar 'yan'uwansa, ido ba zai bambanta su ba. Da aka auna sai aka ga yawan sukarinsa da waɗansu sinadaransa ya sake, hular asetil ta yi yawa a kan mai tsaron ƙofa. Ni da na fara karantawa na zaci hular dabaibayi ce, za ta rage masa sauri. Ashe a wannan tsiro ADP ya fi shiga maitokondiriya da sauri.