Akurki a Gefen Garka

'Yan'uwa, a yawancin gidajenmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kaji da garka ba su jituwa. Uwargida ta shuka alayyafo da yakuwa, kaji su tone su. A sake su waje kuma, shirwa ta ɗauke 'yan tsaki. Maganin wannan shi ne akurki mai ɗan fili a gabansa.

Kaji 8 za su wadatu da akurki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, filin kiwonsu kuwa ya ninka haka sau biyu ko uku. Mu jingina shi da katanga domin rage kashe kuɗi. Kada ƙofarsa ta dubi gabas, gama daga can hadari yakan taso, iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa. A Doguwa, inda ruwa ya fi yawa, wajibi ne a ɗaga daɓen. Ragar waya ta rufe har sama, a kuma binne gindinta saboda gafiya da tunku.

Mu shimfiɗa ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Tudun Wada. Idan ya haɗu da kashin kaji, a tara shi ya ruɓe tukuna. Ɗanyensa yana ƙone shuka.

Amma cunkoso yana saurin yaɗa cuta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafin annobar kaji, sai mu nemi malamin dabbobi kafin hunturu ya shigo. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuwa, a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.