Filafilin Hannu a Horon Iyo: Wa Ya Kamata Ya Ɗaura, Kuma Wane Girma?

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Adar, ƙoramu suka gangaro daga duwatsu suka cika kwarin Majiya da na Tarka, sai tabkuna da madatsun ruwa na gundumomin Madawa, Buza da Keita su zama matattarar samari. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya tare da hukumar FAO, ya gina madatsun ruwa da dama domin noma da shayar da dabbobi. A irin wannan ruwa, da na madatsar Ibohaman da makamantanta, yaranmu suke koyon iyo, tun da kwamin ninkaya na zamani ba kowa ke isa gare shi ba. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo musu bidiyon gwanayen ninkaya na duniya, suna ganinsu da wani faifan roba ɗaure a tafin hannu suna keta ruwa. Shi ya sa tambaya ta yawaita a wurinmu masu koyar da iyo: ina ake samun filafilin hannun nan, kuma wanne ya fi sa gudu? Matsayina a kan wannan guda ɗaya ne. Filafili kayan aikin wanda ya riga ya iya ne, kuma ko shi ɗin ma, ƙarami ya kamata ya zaɓa.

Dalili na farko yana cikin yanayin ruwa kansa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma ƙarfin da yake tura hannu da shi yana ƙaruwa daidai da faɗin abin da aka tura shi da shi. In aka ninka faɗin tafin hannu sau biyu, aka ja da sauri iri ɗaya, nauyin da ke kan hannu ma sai ya kusan ninkuwa. Wannan nauyi kuwa can ƙarshen hannu yake sauka, nesa da jiki, kuma gaɓar kafaɗa ce ke ɗaukarsa, ita da ƙananan tsokoki guda 4 da ke riƙe kan ƙashin damtse a mazauninsa. Mai iyon da ke yin ja 20 a mita 25, in ya yi mita 1,000 ya juya kafaɗunsa sau 800 ke nan. Ƙarin nauyi kaɗan, in aka maimaita shi haka kullum, shi ke kawo kumburin jijiya da zogin da ke hana ɗaga hannu sama da kai. Duk manomi ya san abin da ke faruwa in aka miƙa wa yaro galmar babba: kowane sara zai ɗebi ƙasa da yawa, amma kafin ya kai ƙarshen kunya bayansa ya ƙage, aikin kuma ya karkace. Ko Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya sassaƙa wa kansa filafilin katako tun yana yaro, mai tsawon kusan santimita 25 da faɗin 15, ya bayyana a wata wasiƙa ta 1773 cewa ya ƙara masa sauri amma ya gajiyar da wuyan hannunsa.

Dalili na biyu ya shafi yadda ake koyon iyo a yankinmu. Yaron da ya tashi a bakin tabki yakan yi iyo kansa a sama, ƙirji a miƙe, ƙafafu a nutse, hannu yana dukan ruwa yana danna shi ƙasa domin hanci ya tsira. Wannan salon ya fitar da mutane da yawa daga ruwa, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai in aka ɗaura masa filafili, kowane kuskure sai ya ƙara ƙarfi. Hannun da ke shiga ruwa da babban yatsa a gaba yana murɗa kafaɗa ciki, wanda ke tsallake tsakiyar kai zuwa ɗaya gefen yana matse jijiya, gwiwar hannun da ke faɗuwa kafin tafin hannu ya kama ruwa kuwa tana bar wa ƙananan tsokoki aikin da ya kamata manyan tsokokin baya su yi. Filafili ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan da kansa. Ƙara musu nauyi yake yi, har jiki ya saba da su, gyara ya yi wuya. Saboda haka sharaɗina kafin kowa ya ɗaura shi ne ya iya yin mita 200 ba tsayawa, fuska cikin ruwa, yana shaƙar iska ta gefe, ba tare da wani ciwo a kafaɗa ba. Yaron da bai kai shekara 12 ko 13 ba kuwa, gara a bar shi da hannunsa.

Wanda ya cika wannan sharaɗi, ga yadda zai zaɓa. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan filafilin, yatsu a sake kamar yadda suke a ruwa. In robar da ta rage a kewayen hannun ta wuce faɗin yatsa ɗaya, ya yi masa girma. Mai ramuka ya fi wanda ba shi da su sauƙi ga kafaɗa, domin wani ruwan yana bi ta ciki, fatar hannu kuma tana ci gaba da jin ruwa. Mai farawa ya nemi ɗan ƙaramin nan da ke rufe yatsu kaɗai. Yawancinsu suna zuwa da igiyar roba biyu, ta yatsan tsakiya da ta wuyan hannu, kuma shawarata ita ce a cire ta wuyan hannu. In hannu ya shiga ruwa a karkace, ko ya fito kafin ja ya ƙare, nan take ruwa zai kama gefen faifan ya ɗaga shi ya fizge, mai iyo ya san inda ya kuskure ba sai malami ya yi magana ba. Sannan a gwada da agogo da ƙidaya. In da filafili yawan ja ya ragu kaɗan amma hannu yana juyawa da saurinsa na kullum, girman ya yi. In hannu ya koma jan jiki, gwiwa tana faɗuwa, a sauka zuwa ƙarami. Kada aikin filafili ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na horon rana, kuma a lokacin hunturu, da ruwa ke da sanyi tsoka take a ɗaure, a fara ɗumama jiki da iyo hannu sake.

Masu ja da wannan magana suna cewa ai ƙarfi ake nema, kuma babban filafili ya fi saurin gina shi, ga gwanayen duniya nan suna amfani da manya. Gaskiya ne wasunsu suna yi, amma bayan shekaru na horo, da malami a tsaye a gefe, da likita kusa. Kuma dokar hukumar World Aquatics ta hana duk abin da ke ƙara sauri a gasa. Ƴan Nijar da suka je gasar Olamfik, irin su Roukaya Moussa Mahamane da Alassane Seydou Lancina a Tokyo, da hannu zalla suka yi mita 50. Ƙarfin da ke da amfani shi ne wanda ke fitowa da saurin da hannu ke juyawa a gasa, babban filafili kuwa koya wa hannu nawa yake yi. Wasu kuma suna cewa kuɗi babu, me zai hana a yanko daga jarka ko murfin bokiti? Hikimar abin yabo ce, sai dai wanda ke yanka da kansa kusan kullum yakan zarce girma, ga kaifin gefen roba da ke yankar fuskar abokin iyo. In dole ne, a zana hannu a kan robar, a ƙara faɗin yatsa ɗaya kawai, a goge gefen, a huda ramuka.

Akwai wata hujjar da ta fi waɗannan haɗari, wato tunanin cewa filafili zai taimaki wanda bai ƙware ba ya tsallake tabki. Filafili ba ya ɗaga mutum a ruwa. Gorar da masuntan Argungu ke hawa tana riƙe mutum ko ya daina motsi, shi kuwa filafili saurin gajiyarwa yake yi. Ruwan madatsa ja ne, ba a ganin ƙasa, ga laka mai riƙe ƙafa, ga rassan ƙaya da ƙorama ta kwaso, ga gaɓar da ke zurfi farat ɗaya. Saurayin da faifan ya ruɗe shi ya yi nisa, in kafaɗa ta gaza a tsakiya, yatsunsa suna ɗaure, ba zai iya cafke igiya ko gorar da aka jefa masa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane asara. Saboda haka a ruwan tabki, ba a ɗaura filafili sai a bi gefen gaɓa inda ƙafa ke taɓa ƙasa, da rana, da gwani a tsaye yana kallo.

Abin da yaran Madawa, Buza da Keita suka fi buƙata bai kai filafili tsada ba. A Bangaladash, shirin SwimSafe yana koya wa yaran ƙauye a cikin kududdufan garinsu, a kan dandamalin itacen gora da aka kafa cikin ruwa, har yaro ya iya yin mita 25, ya tsaya a ruwa mai zurfi na daƙiƙa 30, ya kuma ceci wani daga bakin gaɓa ba tare da ya faɗa ba. Wannan abu ne da masu gari, malaman makaranta, kwamitocin madatsun ruwa da ƴan kwana-kwana za su iya shiryawa a nan, tun ruwa yana janyewa bayan kaka, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 25 ga Yuli, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2021 domin yaƙi da nutsewa, tana zuwa ne daidai lokacin da tabkunanmu suke cike. Uban da ke da ɗan kuɗin sayen kayan iyo, ya fara da doguwar igiya da jarka mai murfi a bakin ruwa, da malamin da zai koya wa ɗansa numfashi da kwanciya a bayan ruwa. Filafili shi ne na ƙarshe a jerin, kuma in lokacinsa ya zo, a sayi ƙarami.