Darasi ga Sakatarorin Ƙungiya: Shirya Fom da Za a Cika a Kwamfuta ko Waya

'Yan'uwa, kowace shekara kafin damina ta faɗi ana neman sunayen manoma domin taki, iri, ko rance. Mu ma'aikatan gona mun lura cewa sau da yawa takarda ce ke hana mutum samun rabonsa. Rubutu bai fito ba, ko ruwa ya taɓa shi, ko lamba ɗaya ta ɓace. Shi ya sa muke so sakatarorin ƙungiyoyinmu na Sabon Birni, Getso da Kutama, da na Garo da Gude a ƙasar Kabo, su koyi shirya fom wanda za a cika a kwamfuta ko waya.

Tun ba a kunna kwamfuta ba, a zauna da 'yan ƙungiya a rubuta tambayoyin da fensir. Nan aikin yake. Ɗauki maganar suna. A gari guda za a iya samun Musa Sani uku, ga wanda kowa ya sani da Tanko amma katinsa na ɗan ƙasa Ibrahim ya ce. Saboda haka a ba suna wuri uku: sunan da ke kan kati, sunan mahaifi, da sunan da aka fi sani. A ƙara unguwa.

Girman gona ya fi wannan wuya. Hukumomi irin su KNARDA da hekta suke lissafi. Hekta ɗaya mita 100 ce a tsawo, 100 a faɗi, watau wajen eka biyu da rabi. Amma manomi yakan san gonarsa da mudun irin da take ci. In aka rubuta “girman gona” kawai, wannan zai sa 4 yana nufin eka, wancan ya sa 4 yana nufin mudu, a zo rabon buhu mai kilo 50 a cuci ɗaya. Tilas a sa wurin zaɓen ma'auni kusa da wurin adadi. A kuma tambaya ko gonar ta gandu ce ko gayauna, ta gado ce, ko aro, ko jingina. In ba haka ba mata da samari masu gayauna sai su ɓace ƙarƙashin sunan maigida.

Yanzu sai kwamfuta. Ba sai an sayi manhaja mai tsada ba. LibreOffice, wadda ta fito a 2010, kyauta ce, haka ma Scribus ta masu shirya jarida. A LibreOffice Writer a buga tambayoyin tukuna, sa'an nan a shiga sashen da aka rubuta “Form” a sama, a zaɓi irin akwatin da ake so, a ja shi da linzami gaban tambaya. Akwai akwatin rubutu, akwai na sa alama inda amsa za ta iya zama fiye da ɗaya, kamar gero, dawa da gyaɗa. Akwai kuma jerin zaɓi, wanda ya dace da sunayen unguwanni, don kada wannan ya rubuta Sabon Birni, wancan S/Birni. Kowane akwati a ba shi sunansa dabam, gama a ƙa'idar PDF akwatuna biyu masu suna ɗaya amsa ɗaya suke nunawa. Da an gama a fitar da shi PDF, a tabbata an sa alama a kan “Create PDF form”.

Lambar waya fa, a kula. Lambobi 11 ne, da sifiri take farawa. In aka ba ta akwatin lissafi, kwamfuta takan yar da sifirin, gama a wurinta 0803 da 803 duk ɗaya ne. A ba ta akwatin rubutu, a ƙayyade shi a kan 11. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ, ba kowane salon rubutu ke da su ba. A gwada rubuta Ɗanladi da Ƙofar Gabas, a adana, a buɗe a wata waya. Ba kowace manhajar waya ce ke iya cika PDF ba. Adobe Acrobat Reader tana iyawa.

PDF yana da aibi guda: ɗaya ɗaya yake dawowa, sai sakatare ya kwafe kowanne cikin rajista. Ga ƙaramar ƙungiya wannan ba komai, ga shi ana iya buga shi a takarda domin wanda ba shi da babbar waya. Amma in za a zaga ƙauyuka da yawa, mu dai mun fi son KoboToolbox, wadda ake cikawa ko babu intanet, ta aika daga baya, ta tara amsoshi wuri ɗaya.

Kada a tambayi abin da ba a bukata. NIN da BVN sai in mai ba da rance ya nema, a kuma gaya wa manomi inda za a kai su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wannan nauyi a kan mai tarawa. Lambar sirri ta katin banki kuwa ba ta shiga fom ko kaɗan.

Aikin wannan wata: kowane sakatare ya shirya fom na shafi ɗaya, ya karanta wa mutum biyar tambayoyin da baki, har da mace da tsoho. Duk tambayar da sai an yi bayani sau biyu, a sake rubuta ta, a kawo tsohuwar da sabuwar wurin taro mai zuwa.