Amsoshin Tambayoyinku: Poker caca ce ko gwaninta?

Malam mai sauraronmu daga Damagaram, mun gode da tambayarka. Poker wasan karta ne da ya yi ƙarfi a Amurka, kuma lallai akwai gwaninta a cikinsa: lissafin katin da ya rage, karantar take-taken abokin wasa, da sanin lokacin janyewa. Shi ya sa a 2012 alƙali Jack Weinstein na kotun tarayya a New York ya ce gwaninta ta rinjayi sa'a. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013, ta ce dokar caca ta shafi gidan wasan poker duk da haka.

A ganinmu, Malam, muddin an zuba kuɗi a kan katin da ba kai ka zaɓa ba, caca ce. Gwanin ma yakan tashi hannu Rabbana idan rabon kati ya ƙi shi.