Ƙudurin Sabuwar Shekara: Yadda Ake Ɗaura Shi Ya Ɗauru

Mu a ƙasar nan shekara takan sabunta mana har sau uku. Akwai ɗaya ga Muharram, watan cika-ciki, bisa lissafin Hijira da aka tsara a zamanin halifancin Sayyadina Umar; shekara ce mai kwana 354 ko 355, shi ya sa take riga ta Bature cika da kwana goma ko sha ɗaya. Akwai ɗaya ga Janairu, wadda ma'aikaci da mai biyan kuɗin haya suke lissafi da ita. Akwai kuma ta manomi, wadda ba a rubuta ranarta a kalanda ba, sai dai ranar da ruwan shuka ya sauka. Kowacce ta kama, sai ka ji mutane suna ɗaukar wa kansu alkawari: bana zan bar taba, bana zan fita daga bashi, bana zan shiga makarantar dare. Kafin wata biyu galibin alkawuran nan sun bi ruwa.

Ya kai mai karatu, kada ka ɗauka rashin gaskiya ne ya kawo haka. Mutumin da gaske yake. Abin da ya rasa shi ne shiri, domin ya ɗauki buri ya sa masa suna ƙuduri.

Dubi yadda ƙasa guda ta taɓa sauya ɗabi'arta. Kafin 1972 motocin Nijeriya hannun hagu suke bi, gadon Ingila, alhali maƙwabtanmu Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey duk dama suke bi. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba ta ce wa direbobi su riƙa komawa dama idan sun samu hali ba. Rana ta yanke, 2 ga Afrilu 1972, ranar Lahadi, da hanyoyi ba su cika cunkoso ba. Tun kafin ranar aka yi ta shela a rediyo da jaridu, aka sauya alamun hanya. Da ranar ta zo, kowa ya koma dama, kuma kowane direba ya zama mai tsaron ɗan'uwansa, don wanda ya manta zai yi kiciɓis da jama'a gaba da gaba. Wata tara bayan haka, ranar 1 ga Janairu 1973, naira da kobo suka maye gurbin fam da sule: fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kobo goma. Dattawa sun daɗe suna ciniki da bakin fam da sule, amma hannunsu naira yake miƙawa. Ashe zuciya ba sai ta gama sabawa ba kafin a fara aiki; sabo daga baya yake biyowa.

To, ƙudurinka ma haka yake so. Ka yanke masa rana, ka yanke masa adadi, ka sa wani ido a kansa. Wanda ya ce bana zai yi tattali bai ce komai ba. Wanda ya je wurin uwar adashi ya ce a sa shi zubin kowace Juma'a, shi ne ya ɗaura. Mata sun fi mu gane wannan tun da daɗewa: ba tsoron hukuma ke sa a yi zubi a kan lokaci ba, kunyar abokan zubi ce. Haka mai son koyon karatu da girmansa, ya nemi aji da malami da abokin tafiya, kamar yadda iyayenmu suka yi a azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950. Kuma ya ɗauki abu guda. Mai ƙuduri bakwai a dare ɗaya, a ganina, neman hujjar fasawa yake yi tun daga farko.

Idan ka yi tuntuɓe a mako na uku, kada ka ce sai baɗi. Ka koma washegari, ba sai an ga sabon wata ba.

Akwai kuma sauyin da ba kai ka zaɓa ba, shi ne ya ƙwanƙwasa maka ƙofa: an yi maka canjin wurin aiki, ɗanka ya kawo amarya gida, sana'arka ta ja baya. A farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka sha wuya ƙwarai. Sai dai mai shayi da mai nama da suka riga suka buɗe asusun banki sun ci gaba da ciniki ta waya, na kusa da su da suka ce su ba su yarda da kuɗin da ba a gani ba suka wuni suna korar ƙuda. Ba cewa ake duk sabon abu alheri ne ba. Ka tambayi wanda ya sani, ka auna shi da addininka da aljihunka, in ya ci jarrabawa ka sa ɗanka ko ƙaninka ya koya maka tun kafin tilas ta zo, ko da zai yi maka dariya a karon farko.