Kafin Ka Ce Za Ka Yi Dogon Iyo a Tiga

Aikina koyar da iyo ne da horar da masu ceto a ruwa. A 'yan shekarun nan tambayar da ta fi zuwa mini daga matasan da hannunsu ya faɗa a kwamin iyo na otal ita ce, "Malam, yaushe za mu je Tiga?" Sun kalli masu dogon iyo a waya, sun ji cewa tun gasar Olamfik ta 2008 a Beijing ake tseren kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa, sai abin ya shiga ransu. Ina son wannan buri, ba na kuma kashe wa kowa gwiwa. Amma amsata ba ta sauyawa: sai ranar da muka sami kwalekwalen da zai bi ka, da masuncin da ya san ruwan.

Gwanin kwami ba gwanin tafki ba ne. A kwami ruwa garai-garai yake, ga layi a ƙasa yana nuna maka hanya, ga bango duk bayan mita 25 ko 50 da za ka dafa ka tunkuɗa, ka saci hutu ba tare da ka sani ba. A tafki duk babu wannan. Na sha tsayawa a kan kwalekwale ina kallon abin da ke faruwa a mintunan farko. Yaro ya tsoma fuska, ya tarar ruwan kamar koko, ko tafin hannunsa ba ya gani. Wata ciyawa ta shafi ƙafarsa. Nan take numfashinsa ya gajarce, ya ɗaga kai sama, ƙafafu su nutse, ya fara dukan ruwa da sauri, ƙarfin da ya tanada na awa guda ya ƙone shi cikin minti biyar. Ba rashin iyawa ba ne, firgici ne, kuma yana kama har ƙwararru. Maganinsa a koye shi tun a kwami: ka juya rigingine, ka baje hannuwa, ka fitar da numfashi a hankali har ƙirjinka ya lafa. Wanda bai iya kwanciya a kan ruwa na minti goma ba motsi ba, ba na kai shi tafki.

Batun nisa mai sauƙi ne. Idan kilomita 3 kake nufi, wato tsawon kwamin mita 25 sau 120 ke nan, to ka iya yin fiye da haka ba tsayawa, ba dafa bango, sau da yawa, kafin ka sa rana. A ƙara nisa kaɗan-kaɗan cikin watanni, kafaɗa ba ta son gaggawa. Sannan ka koyi duban hanya: bayan kowace sara shida zuwa goma ka ɗaga ido kaɗan saman ruwa, ka nemi wani abu babba da ba ya motsi, dutse ko doguwar bishiya a gaɓa. Kusan kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, kuma idan babu layi a ƙasa wannan hannun zai karkatar da kai har kilomita 3 ta koma 4. Ka saba da shan iska ta dama da ta hagu, domin ranar da igiyar ruwa ke marin ka ta gefe ɗaya, ɗayan ne zai fisshe ka.

Inda na fi son a tsaya a saurare ni shi ne nan. Tiga ba kwami ba ne da aka share ƙasansa. Madatsa ce da aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano, ruwa ya kwanta a kan ƙasar da a da gonaki ne da daji. Irin wannan ruwa yana ɓoye kututture da duwatsu da ramuka, kuma zurfinsa na sauyawa tsakanin kaka da bazara. Wurin sana'ar mutane ne kuma. Masunta suna shimfiɗa kalli, wato ragar kamun kifi, su bar shi ya kwana, suna ja da mamari, wato doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi birjik. Kalli zarensa siriri ne, ba a ganinsa a cikin ruwa, idan ya naɗe ƙafa kuwa, duk fizgar da ka yi ƙara ɗaure ka yake yi. Babu taswirar waya da za ta nuna maka inda aka kafa shi daren jiya. Masunci ne kaɗai ya sani. Saboda haka matakin farko na shiri, tun kafin sayen tabarau da hula, shi ne ka je ka gaida Sarkin Ruwa na wurin, ka faɗa masa abin da ke tafe da kai, ya haɗa ka da wanda zai zaɓa maka hanya, ka biya shi haƙƙinsa ba ƙyashi. Ka nemi izinin hukumar da ke kula da madatsar, ka kuma nisanci bangon dam da mafitar ruwa kwata-kwata. Idan tafkin Kainji ka nufa, tambayarka ta farko ta zama ta dorina da kada.

Lokaci ma masunci zai faɗa maka, amma ga abin da na gani a aiki. Da sassafe ruwa ya fi kwanciya, rana na ɗagawa iska na tashi. Da damina hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, kuma da an ji tsawa, kowa ya fita daga ruwa, ba jayayya. Da hunturu hazo na rufe gaɓar da kake auna hanya da ita, sanyi kuma na cin jiki a hankali: yatsu su ƙi haɗuwa, magana ta fara sarƙewa, mutum yana ce maka lafiyarsa ƙalau alhali ba haka ba ne. Mu a nan mun fi raina zafi, shi ma yana kisa. A Oktoban 2010 ɗan Amurka Fran Crippen, gwani mai shekara 26, ya rasu ana tsakiyar tseren kilomita 10 a Fujairah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, cikin ruwa mai ɗumi sosai. Bayan rasuwarsa ne hukumar wasannin ruwa ta duniya ta sa iyaka, ba a gasa idan ɗumin ruwa ya haura digiri 31, kamar yadda ba a yi idan ya gaza 16. Mai iyo yana zufa ko da ba ya ji, don haka a kwalekwale a tanadi ruwan sha da abu mai ɗan zaƙi, a miƙa masa duk bayan rabin awa ko makamancin haka. Kada a gwada sabon abinci a ranar.

Akwai kuma tsargiya, wadda bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba domin tafkunansu ba su da ita. Ruwayenmu na kwance da yawa suna da ita. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zama a bakin gaɓa cikin ciyawa, ta huda fata ta shiga jiki, ba sai ka sha ruwan ba. Shiga daga kwalekwale a wuri mai zurfi yana rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba. Duk wanda na kai tafki ina sa shi ya je asibiti a gwada shi bayan mako shida zuwa takwas, ko ya ga jini a fitsari ko bai gani ba. Maganinta, praziquantel, yana aiki, amma likita ne zai faɗi lokaci da adadi.

A ranar, mutum biyu nake so a kwalekwale: matuƙi, da mai kallo wanda ba shi da wani aiki sai zuba wa mai iyo ido. Ba ɗaukar hoto, ba amsa waya. Dukansu da rigar kariya a jiki, ga igiya da abin da ke yawo a kan ruwa a kusa da hannu. Mai iyo ya sa hula mai launi mai haske, ja ko ruwan lemo. Mai kallo ya san cewa wanda ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu. Za ka ga ya miƙe tsaye a cikin ruwa, kai a karkace baya, baki na nutsewa yana fitowa, ya daina ci gaba. Ka kira sunansa, idan bai amsa ba, miƙa masa filafili ko ka jefa masa igiya nan take. Kada ka yi tsalle ka rungume shi, haka ake rasa mutum biyu.

Sharaɗi na ƙarshe ana yin sa ne a tudu, kafin kowa ya jiƙe: idan mai kallo ya ce a fito, an fito, ko saura mita 100 a kai gaci. Wanda ba zai amince da wannan ba, ya nemi wani malamin. Ku kuma iyaye da yayye, idan yaronku ya ce zai je dogon iyo, ku tambaye shi sunan masuncin da zai bi shi da kwalekwale. Idan ba shi da amsa, ku hana shi tafiya.